Kwana Goma-Goma

Ba ciwo ne mai suna a Zango ba.
Da haƙori ne, da an zo gaisuwa.
Ni dai na ga fatar akuya ɗaya
tana kai ni la'asar a majema,
ni da ke gama goma kafin azahar.
Barci a zaune. Fushi babu dalili.
Dare kuma, ni da Fanna,
kamar wa da ƙanwa a ɗakin uwa.

Na sha sassaƙe, na sha jiƙo.
Wani a bakin Kasuwar Dole
ya ci mini jaka bakwai
da kwalba mai hoton ingarma.

Sai da aka ɗibi jinina da sassafe,
sau biyu, ban karya ba,
likita ya juyo takarda, ya ɗora biro kan lamba:
"Manzo, sinadarin maza ne ya yi ƙasa.
Testosteron."
Na riƙa maimaita shi har gida
kamar sunan garin da ban san tasharsa ba.

Ya tambaya, "Kana neman haihuwa?
Allurar nan in ta buɗe ƙofa, takan tura wata."
Na ƙirga biyar a tsakar gida,
na shida yana kwance bayan duwatsu.
Na ce sun isa.

Mai ce, ba ruwa ba.
Majo Kiyari yakan murza kwalbar a tafi ta yi ɗumi,
ya ce saki ƙafa,
ya tura a hankali, a hankali,
yana ba ni labarin tsadar hatsi.
Yau dama, wani zuwan hagu.
Ni na kan manta, duwawu ba ya mantawa.

Mako uku-uku aka fara.
Makon farko na kankare fatu har wuƙa ta ɗau zafi,
na daka wa yaro tsawa a kan bagaruwar da bai zubar ba,
ƙuraje suka feso mini a baya, ni da furfurata.
Mako na biyu na zama mutum.
Na uku kuwa,
kun dai san famfonmu.
Ran da ya ga dama, tsakar dare,
a cika randa, a cika bido, har tukunyar tuwo,
ruwa na malala ƙofar gida.
Kwana kaɗan, moɗa na kartar gindin randa.

Haka na kwatanta wa likita.
Ya cire tabarau, ya yi dariya:
"To mu rage awo, mu matso da kwana.
Rabi-rabi, goma-goma.
Kar ka ƙara da kanka ko ɗigo,
jini yakan yi kauri kamar kunun da ya kwana.
Bayan wata uku ka kawo hannu mu duba."

Yanzu kalandar farmasi na rataye bisa ƙusa,
Fanna na ɗiga mata kwalli da ɗan yatsa.
Ba ta taɓa cewa allura ba,
sai ta ce, "Jibi akwai baƙonka."
Sau ɗaya motar Yamai ta zo babu shi,
na yi kwana sha tara
ina jin kaina yana sauka tsani-tsani.

Shekaranjiya Nomau ya ja ni bayan kwatarniyar toka,
murya ƙasa-ƙasa:
"Rabin da ke saura fa?"
Na ce takalmina ba zai shiga ƙafarka ba,
je a auna ka.
Bai gaishe ni ba jiya.

Ban koma saurayi ba, kar a yi ƙarya.
Gwiwa na nan da ƙararta.
Fata bakwai, wani lokaci takwas.
Amma ina jin ɗanɗanon shayi,
kuma daren Talata Fanna ta ba ni dariya
har na ƙware.

Gobe dama ce, in ji ta.
Na bar bakin famfo a buɗe, ko zai zo.